Nutso a Bahar Maliya da Zagayen Masar: Yadda Ake Jera Kwanakin Hutu

Duk mai son haɗa nutso a teku da yawon buɗe ido a hutu guda, kafin ya nemi otal ko ya taya tikitin jirgi, akwai tambayar da zai fara amsa wa kansa: wace rana ce, kuma da ƙarfe nawa, zan fito daga ruwa fitowar ƙarshe? Daga wannan sa'a ake ƙirga sauran tafiyar, gaba da baya. Jirgin komawa gida, hawan dutse, har hanyar da mota za ta bi zuwa gari na gaba, duk ita suke jira. Masu shirya wa mutane tafiya ba su cika tayar da zancen ba, don su kwanakin otal suke sayarwa, ba ruwansu da abin da ke yawo cikin jinin mai nutso.

Masar zan ɗauka misali, domin ita ce ta fi kusa da mu cikin ƙasashen da suka haɗa abubuwan biyu da kyau. Daga Kano ko Abuja zuwa Alƙahira tafiyar kamar awa 4 zuwa 5 ce a jirgin sama, daga Alƙahira zuwa bakin Bahar Maliya kuma kamar awa 1. Abinci halal ne, masallaci ko'ina, mai ɗan Larabcin Islamiyya ma ba zai ɓata ba. Tekun kuwa yana cikin na gaba-gaba a duniya wajen tsabtar ruwa. Babu kogin da ke malala cikinsa duk shekara, ruwan sama kuma kaɗan ne, saboda haka babu lakar da za ta dama shi. A rana mai kyau mutum yana hango abu daga nisan mita 20 zuwa 30 a ƙarƙashin ruwa. Kifayensa sun haura iri 1,000, murjaninsa ya haura iri 200. Murjanin nan da ido ke ɗauka dutse ne ko bishiya, ƙananan halittu ne masu rai da suke gina wa kansu gida da farar ƙasa, wani bisa wani, har ginin ya zama garu mai tsawon kilomitoci a gefen teku.

Shiri tun daga gida

Kowace cibiyar nutso ta kirki za ta miƙo maka takardar tambayoyin lafiya kafin ka taɓa tukunyar iska. Idan ka amsa e ga ɗaya daga cikin manyan tambayoyin, sai da sa hannun likita. Nemi takardar ta intanet tun kana gida, ka kai wa likitan da ya san tarihinka, kada ka bari sai ka je can ka ɓata yini guda na hutunka a layin asibiti. Asma, farfaɗiya, ciwon zuciya, hawan jini, ciwon sukari, tiyatar ƙirji ko ta kunne, duk abubuwan tattaunawa ne da likita. Mai juna biyu ba ta nutso, ko cikin wata nawa ne. Akwai kuma wanda ya shafe mu fiye da Turawan da suka cika waɗannan jirage: sikila. Mai cutar sikila kada ya yi nutso da tukunya sam. Mai AS ya faɗa wa likita ƙiri-ƙiri, ya bar shi ya yanke hukunci. Yin ƙarya a wannan takarda kanka ka cuta, kuma kamfanin inshora zai iya kafa hujja da ita ya ƙi biyan kuɗin magani.

Sai iyo. Kafin a ba ka katin shaidar nutso za a sa ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, ba a ƙayyade lokaci ba, sannan ka tsaya a saman ruwa minti 10 ba tare da riƙe komai ba. Da yawa daga cikinmu da suka tashi nesa da gulbi ba su iya ba, kuma ba abin kunya ba ne. Wata 2 ko 3 ana zuwa wurin koyon iyo duk mako ya wadatar. Abin da ake nema shi ne natsuwa: ruwa ya shiga hancinka ba ka firgita ba.

Hanya uku ce a gaban wanda bai taɓa yi ba. Mafi sauƙi ita ce iyo a saman ruwa, fuska a ƙasa, da gilashin fuska da bututun numfashi. Wannan ba ya bukatar kati ko tukunya, kuma kada kowa ya raina shi, domin launin murjani ya fi fitowa a 'yan mitocin sama inda hasken rana ke kaiwa. Da an yi zurfi ja ne ke fara ɓacewa, komai ya koma shuɗi-shuɗi. Ta biyu nutson gwaji na yini guda, malami yana gefenka, ba a wuce mita 12, ba a kuma ba da kati. Ta uku cikakken kwas na matakin farko, wanda ƙungiyoyi irin su PADI da SSI ke bayarwa: kwana 3 zuwa 4, atisaye a ruwa marar zurfi, nutso 4 a teku, sai kati da zai ba ka damar sauka har mita 18 a ko'ina a duniya. Mataki na gaba yana kai mutum mita 30, iyakar nutson nishaɗi kuwa mita 40 ce. Ana karɓar yaro daga shekara 10, da ƙa'idojinsa na daban. In kwas ɗin za ka yi, biya ka gama karatun littafi da jarrabawarsa ta intanet kafin ka tashi. Asara ce mutum ya biya kuɗin otal a bakin teku ya wuni a aji yana kallon bidiyo.

Abin da ke cikin jini

Iskar da ke cikin tukunyar mai nutso ba oksijin zalla ba ce irin ta asibiti. Iskar da muke shaƙa ce aka tace aka matse: kusan kashi 21 cikin 100 oksijin, kusan kashi 78 naitirojin. A tudu naitirojin shiga yake ya fita bai dami kowa ba. A ruwa kuwa kowace mita 10 tana ƙara wa jiki matsin da ya kai na iskar sararin sama gaba ɗaya: a mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 uku, a mita 30 huɗu. Gwargwadon matsi da daɗewa, gwargwadon naitirojin da ke narkewa cikin jini da tsoka da kitse. In an hau a hankali, yana fita ta huhu kaɗan-kaɗan. In aka yi gaggawa sai ya zama kumfa cikin jiki, kamar kwalbar lemon da aka ɓalle wa murfi farat ɗaya. Kumfar ta tsaya a gaɓa, ciwo. Ta tsaya a laka ko ƙwaƙwalwa, shanyewar jiki. Shi ya sa ake hawa a hankali, ake kuma tsayawa minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito.

To ga inda abin ya shafi yawon buɗe ido. Fitowa daga ruwa ba ta nufin naitirojin ya ƙare. Sauransa yana ɗaukar awoyi yana fita, kuma in an jera kwanaki ana nutso biyu ko uku kullum, taruwa yake. Cikin jirgin sama matsin iska ya yi ƙasa da na tudu, daidai yake da na kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Wanda ya hau jirgi da sauran naitirojin a jika kamar ya ci gaba da hawa ne daga ruwa ba tare da tsayawa ba. Ƙungiyar DAN, wadda ta shahara kan lafiyar masu nutso, ta ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, aƙalla awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Waɗannan mafi ƙaranci ne. Ni awa 24 nake ba kowa shawara, cibiyoyi da dama ma haka suke cewa, kuma lissafinsa ya fi sauƙi: ka fito ƙarfe 2 na rana yau, kada ka tashi kafin ƙarfe 2 na gobe. Jirgin cikin gida na awa 1 zuwa Alƙahira shi ma jirgi ne, dokar ta hau kansa.

Tarkon da ya fi kama mutane ba jirgi ba ne, dutse ne. Daga Dahab da Sharm el-Shek ana sayar da tafiyar dare zuwa Jabal Musa, dutsen da al'adar wurin ta ce a kansa Annabi Musa (AS) ya yi munajati. Mota tana ɗaukar mutane da dare, a hau cikin duhu, a ga fitowar rana daga ƙololuwa. Tsayinsa mita 2,285 ne, gidan ibadar Sant Katrin da ke gindinsa ma ya haura mita 1,500. Mutum ya yi nutso da safe, ya ga dare ba shi da abin yi, ya sayi tikiti, ya kai kansa tsayin da jirgin sama zai kai shi, ga gajiyar hawa da ƙishirwa a kai. Wurin ya cancanci zuwa: an gina gidan ibadar tun ƙarni na 6, akwai masallaci na zamanin Faɗimiyya a cikin ganuwarsa, akwai kuma ɗan masallaci a kan dutsen. Amma a je kafin a fara nutso, a huta yini guda ƙafafu su saki, ko kuma a bari sai awa 24 ta cika bayan nutson ƙarshe.

Wane gefen teku

Bahar Maliya ta Masar gefe biyu ce, kuma kowane gefe da garuruwan tarihin da suka dace da shi. Mai son ganin kaburburan Fir'aunoni a Luksor ya sauka Hurgada ko Marsa Alam, domin daga Hurgada zuwa Luksor tafiyar kamar awa 4 ce a mota. Mai son Jabal Musa ya sauka Sharm el-Shek ko Dahab a zirin Sinai. Haɗa Sinai da Luksor a hutun kwana 10 yawanci sai an bi ta Alƙahira a jirgi, a ƙone yini guda a filayen jiragen sama. Zaɓi ɗaya, ka bar ɗayan sai wani jiƙon.

A gefen Hurgada akwai tsibirin Giftun da murjaninsa marar zurfi, wurin da ya dace da ɗan koyo, ga kuma Abu Nuhas inda jiragen ruwa da dama suka nutse a jikin dutsen murjani guda. Marsa Alam ta fi shiru. A gaɓar Abu Dabbab manyan kunkuran ruwa suna kiwo a ciyawar ƙasan teku, wani lokaci a dace da dugon, ɗan'uwan ayu. Ana shiga da ƙafa daga bakin yashi, ba sai da jirgi ba. Elphinstone kuwa garu ne a tsakiyar teku mai igiyar ruwa da kifayen shak, na ƙwararru ne.

A gefen Sinai akwai gandun Ras Muhammad, wanda aka keɓe tun 1983, inda garun murjani ke gangarawa har ido ya daina ganin ƙasansa. A nan ne jirgin dakon kaya Yolanda ya yi karo a 1980, har yau kayan banɗakin da ya ɗauko suna zube a ƙasan ruwa kifaye suna zagaya su. Sai Thistlegorm, jirgin Ingila da jiragen yaƙin Jamus suka nutsar a Oktoban 1941, yana kwance a zurfin kamar mita 30 da babura da motoci da takalman soja a cikinsa. Ana zuwa gare shi daga gefen biyu, amma sai mai katin mataki na biyu, mai kuma ɗan sabo da igiyar ruwa. Dahab ƙaramin gari ne mai sauƙin rayuwa, yawancin nutsonsa daga bakin gaɓa ake yi, abin da zai yi wa mai jirin jirgin ruwa daɗi. A can ne ramin nan Blue Hole yake, mai zurfin fiye da mita 100. Gefensa na sama lafiya lau ne ga mai iyo da mai nutson nishaɗi. Ƙofar da ke zurfin kamar mita 55 ita ta ci rayuka da yawa, allunan sunayensu suna manne a jikin dutsen wurin. Duk wanda ya ce zai ratsa da kai ta cikinta da tukunya ɗaya, rabu da shi.

Akwai jiragen kwana, inda ake yin mako guda a teku ana nutso 3 ko 4 kullum. Na masu nutso zalla ne, ba su dace da hutun da aka zo da iyali ko ake son ganin gari ba. In har za ka shiga, binciki tarihin jirgin da ƙofofin tserewarsa da kyau: a Nuwamban 2024 ɗaya daga cikinsu, Sea Story, ya kife kusa da Marsa Alam, mutane suka rasu.

Jerin kwana 12

Ga yadda zan tsara wa mai kwana 12 da ya zaɓi gefen Hurgada. Ranar farko sauka Alƙahira da barci. Ta 2 da ta 3 zagayen birnin. Ta 4 jirgin safe zuwa Hurgada, a je cibiyar nutso a cike takardu, a gwada kaya, a sha ruwa sosai, a kwanta da wuri. Daga ta 5 zuwa ta 8 nutso. Ta 9 a bar ta ba komai a cikinta. Ta 10 mota zuwa Luksor, ta 11 Luksor, daren nan a hau jirgin ƙasa mai gadaje ko jirgin sama zuwa Alƙahira, ta 12 tsaraba da komawa gida.

Hikimar sa teku a tsakiya ita ce kwanakin Luksor sun zama kwanakin jira ba tare da an zauna a banza ba. Kafin ka hau kowane jirgin sama aƙalla kwana 2 sun wuce. Ranar 9 kuma aiki biyu take yi. Hanyar Safaga zuwa Kena, wadda motar Luksor ke bi, tana hawa tsaunuka kafin ta gangara kwarin Nilu, don haka ba a kama ta da jiƙaƙƙen gashi kai tsaye daga jirgin ruwa. Sannan in iska ta tashi aka hana jirage fita wata rana, abin da kan faru, kana da ranar ramuwa, sai ka ɗaga tafiyar Luksor zuwa yammacin ranar 10. Wasu suna gama duk yawon gari kafin su zo teku. Yana yiwuwa, sai dai kwanaki a ƙurar gari da sanyin na'urar mota sukan bar mutum da mura ko ɓacin ciki, mai mura kuwa ba ya nutso, domin toshewar hanci tana hana kunne daidaita matsi.

Lokacin tafiya sai an yi sulhu tsakanin ruwa da tudu. A Agusta ruwan yana kai digiri 28 zuwa 30, daɗi kamar me, amma Luksor tana haura 40, kwarin kaburbura kuma babu inuwa. A Janairu da Fabrairu yawon gari daɗi, ruwan kuwa ya sauko kamar 21 zuwa 22, iska tana kaɗawa in ka fito a jiƙe. Oktoba da Nuwamba sun fi kowane lokaci dacewa: ruwa bai huce ba, rana ta yi sauƙi. Afrilu da Mayu ma ba laifi, sai dai guguwar ƙura ta hamsin takan taso jefi-jefi. Duba kalandar Musulunci kuma. Ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin kumfar nan, iskar tukunya kuma busasshiya ce, saboda haka kada kwanakin nutso su faɗo cikin azumi.

Cibiya, kaya da zaman jirgi

Kada ka sayi nutso a hannun ɗan kamasho a bakin titi. Cibiyoyin nutso na Masar suna ƙarƙashin hukumar CDWS, tambayi lasisinsu. Tambayi ko akwai tukunyar oksijin ta gaggawa a jirgin, ka ce a nuna maka. Tambayi mutum nawa malami ɗaya ke riƙewa. Ga ɗan koyo 4 ya isa. In ka daɗe ba ka shiga ruwa ba suka dage sai ka yi nutson gwaji a wuri marar zurfi, alamar kirki ce, kada ka ji haushi. Gishirin Bahar Maliya ya kai kusan giram 40 a lita, na sauran tekuna kamar 35, don haka ruwan ya fi ɗaga mutum, za ka bukaci ƙarin dalma a ɗamara fiye da yadda ka saba. A yi maganar kuɗi dalla-dalla a rubuce: hayar kaya, kuɗin shiga gandu, abincin rana, motar ɗauka daga otal, kuɗin kati. Farashin da ya fi kowanne araha galibi ya cire rabinsu ne.

Inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta ɗaukar haɗarin nutso. Maganin kumfar jini a ɗakin matsin iska ake yin sa, akwai su a Sharm el-Shek, Dahab, Hurgada da yankin Marsa Alam, kuma da tsada. Sayi inshorar nutso ta musamman, ko ta DAN ko makamanciyarta, ka karanta zurfin da ta amince da shi.

Kaya duk ana haya: rigar roba, falmaran ta iska, abin shaƙa, takalman iyo, agogon nutso. Abu ɗaya da ya kamata ya zama naka shi ne gilashin fuska, domin fuska ba ɗaya ba ce. Ɗora shi ba tare da igiya ba, ja numfashi ta hanci. In ya manne, naka ne. Gemu ba ya hana komai, amma gashin baki yana sa ruwa ya riƙa tsiyaya ciki, sai a rage na daf da hanci kaɗan. Mai tabarau na likita ya nemi gilashi mai lambar idonsa.

Jirgin yini yakan fita da hantsi ya dawo bayan la'asar. Tafi da ƙaramar sallaya. Ma'aikatan galibi Musulmi ne, za su nuna maka alƙibla, matafiyi kuma yana da rangwamen ƙasaru. Mai jiri ya gwada maganinsa a tudu tukuna, don wasu suna sa barci. Ga mata, rigar roba mai dogon hannu da ƙafa tana rufe jiki duka, ana kuma ɗora hular roba ko hijabin iyo marar lilo da ba zai sarƙe da bututu ba, sai doguwar riga ta ɗorawa in an fito. Akwai malamai mata, amma sai an nema tun kafin zuwa. Iyalin da ba sa nutso za su iya bin jirgin su yi iyon sama da rigar ceto, ko su shiga kwalekwale mai gindin gilashi.

A cikin ruwa dokar farko kada ka riƙe numfashi, musamman wajen hawa, don iskar huhu faɗaɗa take. Daidaita kunne tun daga mitar farko: toshe hanci, hura a hankali, in ya yi zafi ɗan hau sama ka sake. Kada ka rabu da abokin nutsonka. Matsin iskar tukunya yana farawa da ma'aunin ba (bar) 200, ka kasance a saman ruwa da sauran 50. Hannu kuma a naɗe. Wani murjanin santimita 1 kacal yake ƙaruwa a shekara, bugun takalmi ɗaya ya karya aikin shekaru. Ɗaukar murjani ko ƙwanso laifi ne a dokar Masar, ciyar da kifi ma an hana. Taɓawa kanta tana da hukuncinta nan take: akwai murjanin wuta mai ƙuna, akwai kifin dutse da ke kwance kamar tsakuwa da dafi a ƙayoyinsa.

Kwanakin tudu

Kwana 2 a Alƙahira ba su isa komai ba, sai an zaɓa. Yini guda na Giza ne: a isa dalar Khufu da sassafe kafin motocin baƙi su cika wurin, shekarunta kusan 4,500, sannan a wuce sabon babban gidan tarihi da ke kusa, inda kayan kabarin Tutankamun suke. Gawawwakin Fir'aunoni kuwa tun Afrilun 2021 aka mayar da su gidan tarihin da ke Fusɗaɗ, unguwar da masallacin Amru ɗan Asi yake, masallacin farko a Masar. Yini na biyu na tsohon birni ne, da ƙafa: Azhar, wanda aka aza harsashinsa a 970, masallacin Husaini da kasuwar Khan el-Khalili a tsallaken titi, ganuwar Salahuddini, masallacin Ibn Ɗulun na 879 mai hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta waje. Masu yi wa Turawa jagora ba za su kai ka maƙabartar kudu ba sai ka ce, alhali can ne ƙubbar Imam Shafi'i take, can kuma aka binne Imam Suyuɗi, ɗaya daga cikin malamai biyu da suka rubuta Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatanmu duk azumi.

A Luksor yammacin isowa na haikalin cikin gari ne, wanda masallacin Abul Hajjaj ke zaune a kan ginshiƙansa. Washegari tun da asuba a tsallaka Nilu zuwa Kwarin Sarakuna. Tikitin gama-gari kabari 3 yake ba ka. Na Tutankamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922, tikitinsa daban, kuma ƙarami ne, zanen wasu kaburburan ya fi nasa nesa. Haikalin Hatshepsut kafin rana ta take, haikalin Karnak da la'asar.

Manyan wuraren tarihi da yawa sun koma karɓar kuɗin shiga da katin banki kawai, don haka ka tabbatar katinka yana aiki a waje kafin ka bar gida, ka riƙe na biyu. Cibiyoyin nutso da dala ko yuro suke lissafi, ƙananan fam na Masar kuma na tukwici ne, wanda ake sa rai da shi a ko'ina. Mai raƙumi a Giza a gama ciniki da shi har kuɗin saukowa kafin a hau. Kada ka ɗauko ƙaramin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, ƙwace shi za a yi a filin jirgi. Biza kuma a neme ta a ofishin jakadancin Masar da sauran lokaci, kada ka biye wa labarin masu fasfon Turai da ake buga wa hatimi a filin jirgi. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6, katin rigakafin shawara yana tare da shi.

A waɗannan kwanakin tudu na bayan nutso ka riƙa sauraron jikinka. Alamun kumfar jini yawanci suna bayyana cikin awoyin farko, amma sukan yi jinkiri har yini guda ko fiye: ciwo mai zurfi a kafaɗa ko gwiwar hannu, mutuwar jiki ko tsikari a hannu da ƙafa, ƙaiƙayi da tabo a fatar ciki, jiri, gajiyar da ta wuce misali, wahalar fitsari. Sauƙin a ɗora wa rana ko nauyin jaka laifi shi ke sa mutane ɓata lokaci. In ka ga ɗaya, kada ka hau jirgi, kada ka koma ruwa, kada ka shiga wanka mai zafi. Kwanta, sha ruwa in kana iya sha, a nemo oksijin, a kira cibiyar da ka yi nutso da lambar gaggawa ta inshorarka. Luksor tana da nisan awoyi daga ɗakin matsin iska mafi kusa, saboda haka lambobin nan biyu su kasance a wayarka da ta abokin tafiyarka, tare da zurfi da lokacin kowane nutso da ka yi, domin su likita zai fara tambaya.